Ƙananan gidajen tarihi na ƙauyukan Sukotlan: wa ya taɓa kai yara?

Uwar Biyu, Glasgow

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun makaranta ya ƙarato, yaran nan kuma in ban fitar da su ba waya za su rungume har a koma. Malamar ajin ƙaramin ta ce in gwada ƙananan gidajen tarihi na karkara, wai a can ana fita da yara daji da bakin teku ana nuna musu tsuntsaye da dabbobi. Ni dai Kelvingrove na sani, babban gidan tarihin nan na Glasgow, shi ma mun zagaye shi har sun haddace inda giwar take. Don Allah wanda ya taɓa zuwa irin waɗannan wurare ya ba mu labari. Ya cancanci kuɗin mai da wahalar hanya?

Nas a Arewa

Wa alaikumus salam Anti. Ina aiki a Inverness, kuma in za ki ji shawarata ki fara da na Gairloch, can gaɓar yamma. Daga nan wajen awa ɗaya da rabi ne a mota, hanyar ta bi ta gefen tafkin Loch Maree. Ginin kansa abin kallo ne. Sojoji ne suka gina shi da kankare mai kauri a zamanin yaƙin cacar baka don kula da kariyar sama, daga baya ya zama wurin ajiyar kayan gyaran hanya, sai mutanen garin suka tara kuɗi suka gyara shi suka koma ciki a 2019. Asalin gidan tarihin kuwa tun 1977 'yan sa-kai na garin suka kafa shi. A 2020 yana cikin gidaje biyar da suka raba kyautar gidan tarihi na shekara ta Art Fund a Birtaniya, tare da babban gidan tarihin kimiyya na Landan. Ki duba fa, ƙauyen da ko fitilar ba da hannu babu.

Abin da ya tsayar da 'yata shi ne gilashin fitilar hasumiyar Rubha Rèidh, wadda aka gina a 1912 don jiragen ruwa. Gilasan a jere suke zobe-zobe, tsayinsa ya fi mutum, in ka matsa kusa sai ka ga fuskarka ta rarrabu. Akwai kuma dutsen da mutanen Pikt, tsoffin mazauna ƙasar, suka sassaƙa kifi a jiki. Dattijuwar da muka tarar a wurin karɓar baƙi 'yar garin ce, ba albashi take karɓa ba. Da ta ga yarinyar ta tsaya a gaban hotunan masunta, sai ta taso ta zo tana nuna mata gidajen da har yanzu jikokinsu ke ciki. Wannan ba za ki same shi a Kelvingrove ba.

Bazazzagen Aberdeen

Ni ta ƙofar aikin sa-kai na shiga. Ina karatun digiri na biyu, kaɗaici ya dame ni, sai na ga sanarwa wani ɗan gidan tarihi a ƙauyen da ba shi da nisa da mu yana neman masu taimako ranar Asabar. Da yake da yara za a yi hulɗa, sai da aka yi min rajistar PVG, wato binciken da hukuma ke yi wa duk mai aiki da yara a Sukotlan. Ya ɗan ɗauki lokaci, amma ba wuya.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar aman mujiya. Ku yi haƙuri masu cin abinci. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum, naman ya narke, gashi da ƙasusuwa kuma su dunƙule ta amayo su. Wani manomi ya tattaro mana su daga rumfar da yake ajiye ciyawa, an busar da su an tsaftace. Kowane yaro aka ba shi ɗaya a faranti, da ɗan hantsaki da tsinke da takarda mai zanen ƙasusuwa. Abu ne baƙi-baƙi, bai wuce babban yatsa ba, ba ya wari. Suna ɓarewa a hankali sai ga haƙarƙari kamar zare, sai ga muƙamuƙi da haƙoransa cif, wani ma ya samu ƙoƙon kai bai fashe ba. Daga haƙoran ake gane ko ɓeran ciyawa ne ko jaɓa, domin na jaɓa bakinsu ja ne. Yaran da suka shigo suna toshe hanci su ne aka yi fama da su kafin su tashi.

Ni da aka rene ni a kan cewa in mujiya ta yi kuka a kan gida to a yi ta addu'a, ga ni zaune ina manna ƙashin abincinta a kwali. Manomin nan cewa ya yi akwati ya kafa mata a rumfar da gangan don ta zauna, saboda tana rage masa ɓeraye ba tare da ya sayi guba ba.

Hajiya Kaka

Kai ɗan nan, aman mujiya kuma? Allah ya kyauta. To ni na zo wankan jego ne wurin 'yata, surukina ya kwashe mu zuwa irin wannan wuri a bakin teku. Da ruwa ya janye aka ba yara bokiti da ɗan koma, suka shiga tsakanin duwatsu inda ruwa ya kwanta. Sun kamo kaguwa da ƙananan kifaye da wata aba mai hannu biyar kamar tauraro. Abin da ya burge ni, matar da ke jagorantarsu ba ta bar kowa ya tafi da komai ba. An kalla, an zana a takarda, an mayar. Dutsen da ka ɗaga ma sai ka mayar da shi yadda ka same shi, wai gidan wasu ne. Jikana ya yi kuka a kan kaguwarsa, amma ya mayar.

Bayan nan aka shiga ciki shan shayi. Na tarar da tsofaffin mata sun yi da'ira suna saƙa, ɗaya tana kaɗi da mazari. Na ce a ba ni. Nasu gashin tumaki ne, namu auduga, amma hannu bai manta ba. Turancina bai taka kara ya karya ba, duk da haka mun yi hira har aka zo kirana.

Kawu Direba

Hajiya barka da hutawa. Ni bari in faɗi ɓangaren da ba a faɗa ba, kada Uwar Biyu ta je ta dawo tana zagina a zuci don na yi shiru. Ina kai kaya yankunan nan, na san su rani da damina.

Na farko ƙwarin nan da suke kira mijis. Ba su kai ƙwayar gero ba, amma daga Yuni zuwa Agusta, in iska ta kwanta da safe ko da yamma, gungu suke zuwa su shiga gashi da kunne da cikin hijabi. A sayi maganin shafawa da ragar rufe fuska tun daga birni. Sai kaska. Tana cikin dogayen ciyayi inda barewa ke bi, tana kuma iya sa cutar Lyme. A sa wa yara dogon wando a cusa cikin safa, in an dawo a duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunne. In an ga jan zobe ya fito a inda ta ciza, a je wurin likita.

Kuma da yawa daga cikin gidajen nan ba sa buɗewa da hunturu, ko su rage ranaku, domin masu sa-kai ne ke riƙe da su. Na taɓa ratsawa wani da iyali, shafinsu na intanet ya ce a buɗe yake, muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda wai mai makulli ta tafi jana'iza. A kira waya kafin a kama hanya. Abinci kuma a yi guzuri, nama na halal ba a maganarsa a can, sai dai kifi da dankali. Motar haya ma wani ƙauyen sau ɗaya take zuwa a yini.

Nas a Arewa

Gaskiyarka Kawu, mijis ba su da mutunci. Amma su ne suka sa fitar kallon jemagu ta yi armashi. An ba mu wata na'ura da ke mayar da kukan jemage, wanda kunnenmu ba ya ji, ya zama ƙara tak-tak-tak. In ya kusa cafke ƙwaro sai ƙarar ta haɗe ta yi sauri. Jagoran ya ce ƙaramin jemagen nan yana iya cin ƙwari har 3,000 a dare guda, nan take 'yata ta ce ashe ɗan uwa ne. Matsalar kawai a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, yara sun gaji kafin jemagun su fito. Ƙarshen Agusta ya fi.

Anti, in kin je Gairloch ki tsaya a Beinn Eighe kusa da Kinlochewe, a kan hanya yake. Shi ne gandun kare halittu na ƙasa na farko a Birtaniya, tun 1951, akwai cibiyar baƙi da gajerun hanyoyi da yaro zai iya bi. Ku riƙa ɗaga kai kuma. Mikiyar teku mai farar jela, wadda fukafukanta kan kai mita 2.4, an harbe ta ƙarshe a Birtaniya a 1918. An sake kawo 'ya'yanta daga Norwe zuwa tsibirin Rum daga 1975, sannan aka saki wasu a yankin Loch Maree ɗin nan tsakanin 1993 da 1998. Mu ba mu dace da ganinta ba, amma wata abokiyar aikina ta gani.

Kawu Direba

Mikiyar nan kuwa ba kowa ke murna da ita ba. Ku tambayi masu kiwon tumaki, za su ce muku tana ɗaukar musu 'yan raguna, har gwamnati na da shirin tallafa musu a kan haka. Na ji ana wannan musu a ɗakin taron wani gidan tarihi, mai kare tsuntsaye a gefe, makiyayi a gefe, kuma maƙwabtan juna ne. An tashi ba a daidaita ba, aka sha shayi tare. Wanda ke son tarihin tumakin ma ya je Strathnaver Museum a Bettyhill, cikin tsohon coci. Can za a nuna maka yadda aka kori talakawa daga gonakinsu tsakanin 1814 da 1819 don a zuba tumaki.

Bazazzagen Aberdeen

Wani abu da ya faru da ni. Ana yi wa yara bayanin tsuntsaye masu ƙaura, aka nuna taswirar shahon nan mai cin kifi da ya dawo yin sheƙa a Loch Garten a 1954 bayan ya ɓace daga ƙasar. Da kaka yake tashi ya tsallake Sahara ya sauka Senegal da Gambiya. Wasu ƙananan tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a Turai kuma a yankin Sahel suke cin rani, har dausayin Haɗeja da Nguru. Sai shugabar wurin ta juyo ta ce tunda daga can nake, in gaya musu abin da na sani. Na ba su labarin shamuwa, yadda manomi in ya gan ta ta sauka a kan kuka ko tsamiya ya san ruwa ya kusa, ya fara gyaran gona, kuma ba mai jifanta. Yara suka yi ta tambaya. Wani ya ce nawa ne ƙwanta, wata ta ce ina take zuwa in damina ta wuce. Na amsa abin da na iya, sauran sai da na kira kakata a waya da daddare. Yanzu sun ce in shirya musu zama guda a kan tsuntsayen gida, ina neman mai hotunan gauraka da belbela da zalɓe masu kyau da ya ɗauka da kansa.

Uwar Biyu, Glasgow

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da Gairloch, ƙarshen Agusta ba zai yiwu ba don makarantun nan tsakiyar watan suke komawa, sai dai farkonsa. Kawu, ragar fuskar nan akwai ta yara ko duk girma ɗaya ce? Nas, zan neme ki ta akwatin saƙo kan wurin kwana. Bazazzage, maigidan yana da hotunan belbela a bayan shanu da ya ɗauka a Dambatta, zan tambaye shi in ya dawo daga aiki.