Neman shawara: ƙanena ya samu sauƙi da allurai, amma likita na maganar cire masa afendis

Yayar Yaro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mai shekara 17 ya kwanta da ciwon ciki wanda ya fara daga wajen cibiya, daga baya ya gangara ƙasan ciki ta dama, ga amai da zazzaɓi da ƙin abinci. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da shi, ni na biya masa kuɗin jarrabawa, yayyenmu maza kuwa da Allah Ya hore wa ba sa ɗaukar wayata sai idan maganar gado ce, shi ya sa kowace shawara a kaina take faɗawa. Mun ɗauka taifot ne muka karɓo magani a kemis, da abin ya ƙi muka kai shi asibiti. Likita ya ce afendis ne, wato kumburin wani ɗan guntun hanji da ke ƙasan ciki ta dama, kuma ya riga ya dunƙule wuri guda, aka ba shi gado, aka yi masa allurai da ƙarin ruwa. Yanzu yana cin abinci yana yawonsa, amma an ce mu dawo bayan mako shida a yi maganar cirewa. Na ji cewa a Turai magani kawai ake bayarwa yanzu. Shin in bari a yanka yaron da ba ya jin ciwon komai?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki yarda a taɓa shi da wuƙa. Wannan ciwo asali ba namu ba ne. Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Uganda, ya rubuta tun 1971 cewa da wuya a ga afendis a ƙauyukan Afirka alhali ya zama ruwan dare a Ingila da Amurka, kuma ya danganta hakan da cin abincin da aka raba da dusarsa. A Amurka mutum 7 zuwa 8 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwarsu, yawanci samari da 'yan mata. Yau adadin ya tsaya a can, yana hauhawa a Asiya da Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka, wato inda birane ke bunƙasa, mu ma da muka bar dawa da gero da wake muka koma burodi da taliyar leda mun bi sahu. Binciken da aka wallafa daga Finland a 2015 ya nuna kusan 73 cikin 100 na waɗanda aka ba magani ba su buƙaci tiyata ba cikin shekara guda. Ki mayar da shi kan tuwo da miyar kuka, shi ke nan.

Maman Ummi: Allah Ya ƙara sauƙi, amma ni ban yarda da jinkiri ba. Nawa ɗan ya fashe masa ne a ciki muna tsaye a layin biyan kuɗi, saboda an ce ba za a shiga da shi ba sai mun ajiye wani abu, kuma dangin ubansa da suka hana mu zuwa da wuri su ne suka fara cewa sakacina ne. Ya yi jinya da roba a ciki, har yau ban gama biyan bashi ba. Idan an ce a cire, a cire.

Anti Nas: Baban Khalifa ya kawo rabin magana. Binciken Finland a kan manya aka yi shi, daga shekara 18 zuwa 60, waɗanda hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, ya tabbatar nasu bai fashe ba, bai yi mugunya ba, kuma da aka bi su shekara 5 kusan 39 cikin 100 an yi musu tiyata. A binciken Amurka na 2020, cikin waɗanda aka ba magani maimakon tiyata, masu 'yar tsakuwa a cikin afendis ɗin kusan 41 cikin 100 sun koma tiyata cikin kwana 90. Na ƙaninki ya riga ya dunƙule, wannan wani babi ne daban, kuma su kansu likitoci sun saɓa a kan ko dole ne a cire daga baya ko a zuba ido. Kimanin mutum miliyan 17 ke kamuwa a duniya kowace shekara, inda ake tiyata da wuri ba kasafai yake kisa ba, a nan Afirka kuwa zuwa a makare ne ke kashewa, kuma ƙarancin adadin masu ciwon a ƙauye har da rashin ƙidaya ke jawo shi, domin wanda ya rasu a gida ba ya shiga rijista. Ƙanwata, an yi masa hoto? An ga tsakuwa? Nisan ku da asibitin da ke tiyata da dare fa? Idan ciwo ko zazzaɓi ya dawo, kada a ratse kemis.

Baban Khalifa: Da girmamawa Anti, ko da lissafinki 61 cikin 100 sun tsira daga wuƙa, kuma kakanninmu ba su san ɗakin tiyata ba.

Anti Nas: Waɗansunsu sun rasu an ce ciwon ciki ne. Tuwo ba ya warkar da afendis da ya riga ya kumbura.

Yayar Yaro: Na gode duka, amma ina so a fahimta cewa ban yi sakaci ba. Kemis ɗin da muka je mutum ne da unguwa duka ta sani, kuma kowa ya ga zazzaɓi da ciwon ciki a lokacin nan taifot zai ce. Takardun asibiti suna wurin kawunmu. Yaron zai koma makarantar kwana mako mai zuwa saboda jarrabawa, ba zan iya sa shi ya rasa shekara ba bayan abin da na kashe.

Maman Ummi: Makarantar kwana kuma? Tana cikin gari ko bayan gari? Nawa ma a makaranta ya fara, malamin kula da ɗalibai ya ba shi farasitamol ya ce ya kwanta.

Yayar Yaro: Tana da ɗan nisa, amma suna da ɗakin shan magani. Don Allah wanda ya san nawa ake yin tiyatar a asibitin gwamnati ya faɗa mini, ko da yake ban yanke ba tukuna.