Gara ta dawo gidanmu na Aboabo, wane garanti zan yarda da shi?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ina so in san matsayata kafin ruwan Satumba ya kankama.

Gidanmu na gado ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ɗaki goma sha ɗaya, mu muna cikin huɗu, sauran na haya. Bara na shiga ɗakin marigayi Baba in yi kakkaɓa, na ɗaga akwatin katakon da yake ajiye littattafansa, sai samansa ya biyo hannuna, gindin ya zauna a ƙasa. Gara ta ci littattafan daga ƙasa, ta cike gurbin da jar ƙasa. Ka ɗauki littafi, bangonsa lafiya lau, ka buɗe ka tarar babu komai. Wasu da hannunsa ya rubuta su. Ranar na yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar.

Aka haɗa ni da wani mai feshi. Ya zo da tanki a bayansa, ya bi ɗakuna da tsakar gida ya fesa, wari ya hana mu kwana ciki har kwana biyu. Ya karɓi sidi 600, ya dafa ƙirji ya ce shekara uku ko guda ɗaya muka gani mu kira shi. Bai ba ni rasit ba, ni ma kunya ta hana ni nema. Damina na dawowa sai ga hanyarta a bayan ƙofar Inna, ta hau har silin. Lambarsa kuma ta daina shiga.

Yanzu mutum biyu ne a gabana. Wani kamfani ya turo yara biyu, suka zagaya da tocila, ɗaya ya hau cikin silin, suka ce sai an huda daɓe an zuba magani a ƙasa. Sidi 5,500, da takardar garanti ta shekara biyar, shafi huɗu da Turanci, kuma wai duk shekara mu biya kuɗin dubawa. Ɗayan mai feshi ne na unguwa, ya ce sidi 900, zai rubuta mini shekara ɗaya. Yayana da ke Italiya ya ce in ba kamfani. Kawu ya ce wayon 'yan boko ne, ina aka taɓa ba gara garanti. Wanne zan bi?

Kafintan Sokoban:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba. Kafin ki ba kowa ko kwabo, ki ɗauki sukudireba ki bi duk firam ɗin ƙofa da taga kina ƙwanƙwasawa da bayanta. Katako mai lafiya yana da amo, wanda aka cinye zai amsa miki kamar ganga. Inda ya amsa haka, ki danna bakin, zai shige kamar a burodi. Ki sa alama da alli.

Ki lura kuma da abin da ke zubowa. In gari ne mai laushi kamar fulawa daga 'yan ƙananan huji, wannan wani ƙwaro ne mai huda katako, maganinsa daban. In jar ƙasa ce a cikin katakon da hanya a jikin bango, gara ce ta ƙasa.

Yawancin ɗakunan da aka ƙara a gidajen zango da katakon da ake kira wawa aka yi su saboda araha, shi kuwa wawa tuwon gara ne. Tun muna kasuwar katako ta Anloga kafin a mai da mu ta Sokoban nake gaya wa mutane, wawa na katakon zuba kankare ne. Gidajen da kakanni suka yi da katakon odum ga su nan har yau, ƙusa ma da ƙyar take shiga. In za ki sauya firam, ki nemi odum ko tik in da hali, in babu ki sa na ƙarfe ki huta. Kar dai ki sauya kafin a yi maganin ƙasa, sabon abinci za ki kai mata.

Hajiyar Tafo:
Ni dai baƙin mai da kananzir na sani. Haka tsohuwarmu take shafe katako, ba mu taɓa kiran kamfani ba.

Kafintan Sokoban:
Hajiya, gaskiya yana ɗan taimakon katakon da aka shafa. Amma ita ba a katakon take kwana ba. Za ta bar wanda kika shafa ta zagaya ta ci na kusa da shi. Ga kuma tsoron gobara a gidan da ake girki da gawayi.

Tsohon Mai Feshi:
'Yata, na yi wannan aiki shekaru kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in gaya miki abin da mai feshin farko ya yi miki. Ya kashe waɗanda suka fito aiki ne kawai. Gidansu na ƙarƙashin ƙasa, wataƙila ƙarƙashin daɓenku, wataƙila a kututturen wani mangwaro da aka sare aka bar saiwarsa, wataƙila ma a gidan maƙwabta. Can uwarsu take kwance tana zuba dubban ƙwai kullum. Gara ba ta jure bushewa da haske, shi ya sa take gina wannan rufaffiyar hanya ta jar ƙasa, ta hau ta ci, ta koma ƙasa inda laima take. Wanda ya fesa bango ya tafi, ko gaisawa da uwar bai yi ba.

Aikin gaskiya shi ne a haƙa ɗan rami a bi gindin ginin a jiƙa ƙasar da magani, inda kuma siminti ya rufe a huda shi da injin, huji bayan huji kamar tazarar ƙafa ɗaya, a tura maganin ciki a toshe. Ki tambaye su sunan maganin. Akwai mai kora, akwai wanda gara ba ta jin warinsa, irin su fipronil da imidacloprid. Shi wannan ratsa shi take yi ba ta sani ba, ta kwasa a jikinta ta kai wa 'yan'uwanta. Ba ya kashewa nan take, kar ki ga sati ɗaya ba ta ƙare ba ki ce an cuce ki.

Ki ce su nuna miki lasisinsu na EPA, wato hukumar kare muhalli, domin hukumar ce ke rajistar magungunan ƙwari a Ghana, ita ke ba masu wannan sana'a izini. Su kawo galan a rufe da takardarsa a jiki, su buɗe a gabanki, ki ɗauki hoto. Wanda ya zo da magani a robar ruwa ya ce sirrin sana'a ne, ki sallame shi tun daga zaure. Na ga inda ake tsinka magani da ruwa har ya koma wankin ido.

Gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi: ki karya tsakiyar hanyar nan ta bayan ƙofar Inna kamar tsawon yatsa, ki bar sauran. In bayan kwana biyu ko uku kin ga an liƙe, tana nan da ranta. Kar ki share duka kafin masu aiki su zo, da ita za su gane ta inda take shigowa.

Akawu daga Nima:
Yaya, ni takardar zan yi wa magana, don a kanta na ƙone a nan Accra. Na taɓa biyan wani kamfani, takardarsu ta ce shekara biyar, na jefa ta cikin durowa ina jin daɗi. A shekara ta uku silin ɗin falo ya zubo. Da na je sai suka buɗe shafi na uku suka nuna mini abu biyu. Na farko, alkawarinsu su sake zuba magani ne, gyaran abin da ya lalace ba ruwansu. Na biyu, tunda na tsallake dubawar shekara ta biyu, garantin ya mutu tun a lokacin. Ban iya cewa komai ba, sa hannuna ne a ƙasa.

Saboda haka ki nemi wanda zai karanta miki layi-layi, ki gano wane iri ne: na maimaita magani kawai, ko har da gyara, in kuma da gyara, har zuwa nawa. Kuɗin dubawar nan a rubuta adadinsa na duk shekarun, kar a ce miki "za mu sanar". A rubuta cikin kwana nawa za su zo in kin kira. Ki duba abin da ke kashe garantin, galibi yoyon famfo ne da ba a gyara ba, ko ƙara sabon ɗaki, ko fasa daɓen da aka yi wa magani.

Abin da ya fi komai: kafin su fara, su rubuta miki rahoton abin da suka tarar, da zanen gidan, da hotunan duk inda ta riga ta ci, ku sa hannu ku biyu. In babu wannan, gobe duk ɓarnar da kika nuna za a ce tsohuwa ce. Kuma ki taka da ƙafarki ki ga ofishinsu. Shekara biyar a takardar wanda ba shi da adireshi daidai take da dafa ƙirjin mutumin bara. Kar ki sa rai da inshora ma, yawancinsu ba sa biyan ɓarnar gara.

Game da kuɗin dubawa, Kawu zai ce cuta ce. Ni da na ji jiki, a ganina ita ce abin da kike saya. Mutum ya shiga silin da tocila sau ɗaya a shekara, ya fi mini shafi huɗun nan daraja.

Ɗan Asawase:
Ku da kuke da gara ai kun more, ruwan farko shinge, gara mai fukafukai, zai fito ku soya da gishiri 😂

Tsohon Mai Feshi:
Ɗana, ka yi wasa amma ka taɓo gaskiya. In shinge ya taso daga waje ya taru a fitila, ba komai. In kuwa da safe aka tarar da fukafukai zube a cikin ɗakin da yake rufe, a gindin taga ko bayan kujera, to daga cikin gidan suka fito, gidan garar ya girma har ya fara aurar da 'ya'ya.

Nas Maman Biyu:
Don girman Allah ku ji wannan. Kar wanda ya ba ku ƙwayar nan da ake sa wa masara a buhu ya ce ku ajiye a ɗaki. Iskar guba take fitarwa, tana bi ta silin ta shiga ɗakin maƙwabci. A 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra bayan an sa irinta a gida don ƙwari. Gidanku gidan haya ne, akwai jarirai. Sannan in kuna da rijiya a tsakar gida, ki faɗa wa kamfanin tun yanzu, ba a tura magani cikin ƙasa kusa da ruwan sha.

'Yar Aboabo:
Allah ya saka da alheri, na ji kamar an ɗauke mini kaya. Ɗan ƙanwata da ke jami'ar KNUST ya zo jiya ya karanta mini takardar. Yaya Akawu, kamar kana wurin: maimaita magani ne kawai, babu gyara, kuma ba a rubuta kuɗin dubawa ba. Akwai wani layi da ya ce garantin bai shafi ɓangaren da ba su samu shiga ba. To ɗakuna uku na 'yan haya a kulle suke ranar da suka zo, ɗaya mai shi yana Tamale tun azumi. Rijiya kuwa muna da ita, kusa da ɗakin girki. Hanyar da na karya shekaranjiya, yau da safe na tarar an liƙe ta tsaf.

Wani abu kuma: wata 'yar hayarmu tana sayar da wake da shinkafa, itacenta jibge yake a jikin bangon ɗakin Baba shekara da shekaru. Babbar mace ce, ƙawar Inna, ban san ta inda zan fara mata magana ba.

Tsohon Mai Feshi:
To ga ƙofar shigarta nan. Itace a ƙasa, jingine da bango, kusa da laimar rijiya. A ɗaga shi a kan bulo ko ƙarfe, a janye shi daga bango yadda mutum zai iya bi ta baya ya leƙa. Ɓangaren rijiya ki tambaye su ko suna da tarkon abinci mai guba da ake binnewa a rufe, maimakon jiƙa ƙasa. In sun ce rijiya ba matsala ba ce, ki nemi wani kamfanin.

Hajiyar Tafo:
Maganar mai wake ki bar wa Inna, ke yarinya ce a wurinta. Ki sayi bulo shida ki ajiye, ki sa yaran gida su kwashe mata itacen su jera, a ce don kar ruwa ya jiƙa mata. Ba wanda zai ji haushi.

Akawu daga Nima:
Kar ki sa hannu sai an buɗe ɗakunan nan uku an duba. Ki kira na Tamale ya turo makulli ko ya wakilta wani. Ki ce su rubuta kuɗin dubawa da biro a kan takardar, su buga hatimi. Kuɗin aiki kuma kar ki ba su duka, rabi kafin, rabi bayan kin ƙirga hujin da idonki. Kawu ki zaunar da shi a kujera ranar aikin, ki ce shi ne mai sa ido.

'Yar Aboabo:
Na kira su. Sun yarda da rabi da rabi, sun ce Asabar za su dawo su sake dubawa da kyamara, maganar rijiya kuma sai ogansu ya zo da kansa. Na Tamale ya ce makullinsa na wurin ƙaninsa a Sabon Zango. Kafinta, in na ƙirga firam ɗin da suka yi amon ganga, guda bakwai ne. Nawa odum yake yanzu a wurinku?

Kafintan Sokoban:
Ki auno tsawo da faɗin kowanne ki turo mini. Kuma ki zo da kanki, ko ki turo wanda ya san katako, don a kasuwar nan akwai mai shafa wa wawa kala ya kira shi odum. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki kuma danna farce.