Yaya ake zartar da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a Legas, kuma a ina bakinmu yake shiga?

Mazaunin Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san aikin gwamnati. Duk shekara muna jin cewa shugaban ƙaramar hukuma ya gabatar wa kansiloli kasafin kuɗi, amma mu da muke biyan kuɗin rumfa da na shago ba mu san yadda ake zaɓar ayyukan da ke shiga ciki ba. Shin akwai matakin da talaka yake da damar cewa ga kwatar da yake so a gyara?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, Malam. Sassan hukumar, irin su na ayyuka da na lafiya da na ilimi, su ne ke fara rubuta buƙatunsu, sashen kasafi ya haɗa su, sannan shugaba ya kai daftarin gaban majalisar kansiloli, wadda ke da ikon tattaunawa da yin gyara kafin ta amince, shi kuma ya sa hannu. Sai dai a ganina, wanda ya jira har daftarin ya isa majalisa ya makara. A zaɓen 12 ga Yuli, 2025, jam'iyyar APC ce ta lashe dukkan kujerun shugabanni 57 da kusan dukkan kujerun kansiloli 376, kuma ba kasafai kansila yake jayayya da shugaban da suke jam'iyya ɗaya ba. Damar tana wajen taron masu ruwa da tsaki da akan kira kafin a kammala daftarin, inda ake gayyatar sarakuna da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ake kira CDA. Abin takaici, 'yan'uwanmu da yawa sun shekara ashirin a unguwa ba su taɓa shiga CDA ba.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Malam, ka fara tantance hukumar da kake ƙarƙashinta, domin ƙananan hukumomi 20 ne kawai tsarin mulki ya sani a Legas, sauran 37 ɗin kuwa su ne hukumomin raya yankuna da ake kira LCDA, waɗanda aka ƙirƙiro a 2003 a zamanin gwamna Bola Tinubu, kuma kowace tana da shugabanta da kasafinta. Mutumin Orile Agege, wadda LCDA ce mai zaman kanta, da ya kai kukansa sakatariyar Agege ya yi ɓatan kai. Haka kuma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwatoci da ƙananan tituna, manyan hanyoyi kuwa na jiha ne ko na tarayya.

Ɗan Mile 12:
Tsohon Ma'aikaci da Hajiya sun yi bayani, amma ban yarda cewa halartar taro kaɗai ta wadatar ba. Sanya aiki a takarda daban, sakin kuɗinsa daban. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, amma aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya, kuma a Legas kuɗin hukumomi 20 ne ake rabawa gida 57. Shawarata ita ce ku rubuta buƙatarku a takarda ɗauke da sa hannun shugabannin kasuwarku da na Sarkin Hausawa, ku miƙa wa kansilan mazaɓarku a buga muku hatimin karɓa, sannan bayan an amince da kasafin ku nemi kwafinsa ku duba ko aikin ya shiga da kuma nawa aka ware masa.