Lafiyar Laka Bayan Tiyatar Babbar Jijiyar Jini: Abin da Muka Gani da Idonmu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za a yi wa mahaifina tiyatar kumburin babbar jijiyar da ta taso daga zuciya ta ratsa ƙirji zuwa ciki, kuma likita ya shaida mana cewa idan jini ya yanke wa laka a lokacin aikin, ƙafafu suna iya shanyewa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Wani dattijo da aka yi wa aikin: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a fara, an sa mini siririyar roba a gadon baya, wajen ƙugu, domin a riƙa rage ruwan da ke kewaye da laka, tunda idan ya taru yakan matse ta ya hana jini isa gare ta. Na kwana biyu a kwance ba na tashi sai da izini, na kuma sha ciwon kai bayan an zare robar, amma da ƙafafuna na fita asibiti, alhamdu lillahi.

Wata ma'aikaciyar jinya: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Jijiyar jini ɗaya tak ce ke ciyar da kashi biyu cikin uku na laka ta ɓangaren gaba, kuma a ƙasan ƙirji tana dogaro da wani reshe da likitoci ke kira Adamkiewicz, wanda galibi ta hagu yake fitowa. Shi ya sa a ɗakinmu muke riƙe matsakaicin matsin jini sama da 80, matsin ruwan laka kuwa kusa da 10, sannan kowace awa mu ta da majinyaci mu ce ya ɗaga ƙafa. Dangi sukan ji haushin cewa muna hana shi barci, kuma ina fahimtarsu, amma shanyewar tana iya zuwa bayan sa'o'i ko kwanaki, lokacin da kowa ya saki jiki.

Wata baiwar Allah: Haka ya faru da maigidana a dare na biyu. Ya ce ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, ni kuwa da na taɓa shi ya ce yana ji, sai na ɗauka gajiya ce, na yi kusan rabin awa ban kira kowa ba. Daga baya aka fahimtar da ni cewa jin taɓawa yakan saura ko da motsi ya tafi. Da nas ta zo, nan take aka ɗaga masa matsin jini da magani, aka ƙara rage ruwan, aka yi masa ƙarin jini, kuma kafin asuba yatsunsa sun fara motsi. Har yau da sanda yake tafiya, kuma rabin awar nan ba ta daina damuna ba.

Mai tambaya: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ni zan kwana da Baba, kuma zan tambayi likitansa tun kafin ranar wa zan kira idan ƙafar ta yi nauyi cikin dare.