Wane tsohon ɗan kurket kuka so a ce kun gani da idonku?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin kurket a nan Maradi. Mu dai ba mu da yawa, shi ya sa nake roƙon manyanmu su buɗe mana baki. Duk wanda ya fara bin wasan nan ta waya kwanan nan, Kohli da Root da Babar Azam ya tarar, sai kuma ya riƙa jin masu sharhi suna ambaton Bradman da Sobers da Viv Richards yadda dattawanmu ke ambaton Kantu idan an zauna hirar kokawa. Tambayata biyu ce. Da za a ba mutum damar zama bakin fili ya kalli ɗaya daga cikin mutanen da, wa ya fi cancanta, kuma a wane wasa? Ta biyu, tsofaffin hotunan nan masu baƙi da fari da ke YouTube, jifan cikinsu kamar ba shi da ƙarfi, 'yan wasan kuma sai fizge-fizge. Wasan ne ba shi da nauyi a lokacin, ko hoton ne ke ruɗin ido?

Malam Na Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. A fara da Don Bradman na Ostireliya, don da lissafinsa ake auna kowa. Ya buga wasan Tes (dogon wasan ƙasa da ƙasa mai ɗaukar kwanaki) 52, ya shiga duka sau 80, sau 10 ba a fitar da shi ba, ya tara maki 6,996. Ana raba maki ne da yawan fitar da aka yi wa mutum, wato 70, sai ya ba ka 99.94. Cikin waɗanda suka buga Tes 20 ko fiye suka ajiye wasa, babu wanda ya kai 62 in ba shi ba. A wasansa na ƙarshe a filin Oval na Landan a 1948, maki 4 kawai yake nema ya cika 100 cif, Eric Hollies na Ingila ya kwashe masa turaku (itatuwan da mai duka ke karewa a bayansa) a jifa ta biyu bai ci ko ɗaya ba.

Ni kam ba wannan ranar zan zaɓa ba. Leeds zan zaɓa, 1930, yana da shekara 21: maki 309 a yini guda, 105 kafin a tashi cin abincin rana, 220 lokacin shan shayi, washegari aka fitar da shi a 334. Abin da ya kamata mai kallo ya zuba wa ido shi ne ƙafafunsa da yadda yake ɗaga sanda. Yana ajiye ta tsakanin ƙafafu, ya ɗaga ta gefe, sannan ya zagayo da ita ta sauko kan ƙwallo fuskarta na kallon ƙasa. Shi ya sa dukansa ke bin ƙasa. A duk rayuwarsa ta Tes sau 6 kawai ya cilla ƙwallo ta sama ta haye iyaka. Wanda ba ya ɗaga ƙwallo, wa zai cafe shi?

Amma a faɗi gaskiya duka. A ƙasa biyu kawai ya taɓa buga Tes, Ostireliya da Ingila, kuma 37 cikin 52 ɗin da Ingila ya yi su. A zamanin ana jefa sama da oba (jerin jifan da mutum ɗaya ke yi kafin a sauya mai jifa) 100 a yini, yau 90 ma da ƙyar ake cikawa, don haka mai duka na da ya fi samun ƙwallayen da zai ci maki da su. Wannan bai rage masa daraja ba, tunda abokan wasansa ma yanayin da suka samu ke nan, ba su yi kusa da shi ba.

Alhaji Mai Gulbi:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Sai dai ni ba ranar da Bradman ya ci karensa babu babbaka nake son gani ba, ranar da ƙasa ta juya masa baya nake so. Yaro, babban abin da ya raba wasan da da na yanzu shi ne daɓen tsakiya, wancan tsiri mai tsawon mita 20.12. Yau da an ga hadari sai a ja masa rufi. A Ingila har wajen 1980 ana barin shi a buɗe ruwa ya dake shi bayan an fara wasa.

Ga yadda abin yake. Lokacin da daɓen ke jiƙe sharkaf ba shi da haɗari sosai, ƙwallo na nutsewa ta taso a hankali. Masifar tana farawa ne idan rana ta fito. Sama ya bushe ya yi ɓawo, ƙasa kuma da sauran laushi. Ɗinkin ƙwallo sai ya huda ɓawon ya kama yumɓun ƙasa, idan an murza ta da yatsa ta karkace da ƙarfi ta taso har ƙirji, ta gaba kuma ta faɗi wuri ɗaya ta sulale a ƙasa. Kowace jifa tana barin rami, ramin ya bushe da kaifin baki, ya ƙara ɓata wadda za ta biyo baya. Idan kyaftin ya yi kuskuren sa a bi daɓen da abin daddaɓa mai nauyi, ruwan ƙasa yake jawowa sama, ya tsawaita wa mutanensa wahala. Mai duka a nan sai ya sassauta riƙo, ya jira ƙwallo ta iso ƙarƙashin idonsa, wadda ba ta nufi turaku ba ya janye sanda ya bar ta. Wanda ya miƙa hannu gaba da ƙarfi, ƙwallo za ta taɓa safar hannunsa ta tashi, ga masu cafewa sun kewaye shi taku biyu-uku.

A irin wannan daɓe Hedley Verity na Ingila, mai murza ƙwallo da hannun hagu, ya fitar da mutum 15 a filin Lord's na Landan a 1934, 14 daga ciki a yini guda bayan ruwan ƙarshen mako, kuma shi ya fitar da Bradman a shigarsa ta farko da ta biyu. Shi nake son gani. Sai Melbourne a Janairun 1937, inda Bradman ya nuna ba hannu kaɗai gare shi ba, har da kai. Daɓe ya lalace, Ingila ta tsayar da dukanta a 76 don ta tura Ostireliya cikin laka. Sai ya juya jerin mutanensa, ya tura masu jifa su fara duka su ci lokaci, shi ya shigo na bakwai bayan ƙasa ta bushe, ya ci 270. An ci su wasa biyu na farko, suka dawo suka cinye uku.

Mai son gani da ido ba sai ya je Ingila ba. A samu wuri mai yumɓu wajen gulbi, ba yashi ba, don yashi ba ya yin ɓawo. A daddaɓe taku uku a tsaye, biyu a kwance, daidai inda ƙwallo za ta sauka, a kwarara masa ruwa da asuba, a bar hantsi ya dake shi har saman ya daina kama yatsa amma idan an danna da ƙarfi ya lotsa. A jefa ƙwallon fata mai ɗinki. Ta tanis da aka naɗe da salatif ba za ta nuna komai ba, tunda ba ta da abin da za ta kama ƙasa da shi. Kada kowa ya tsaya duka babu hular kwano.

Ɗan Bagalam:

Na gode Alhaji, na gode Malam. To batun ƙarfin jifa fa? Ana cewa Harold Larwood, mai jifan Ingila, ya firgita Ostireliya, amma a hoton ba ka ganin abin tsoro.

Injiniya Sabon Gari:

Ɗan'uwa, hoton ne. Waɗannan ba wasa aka ɗauka daga farko zuwa ƙarshe ba, gutsattsarin labarai ne da kamfanoni irin su British Pathé ke haɗawa don nunawa a silima. Fim na da tsada, mai kyamara na ɗaukar 'yan daƙiƙu ya tsaya. Sau da yawa gudun mai jifa daga wani lokaci ne, dukan da aka liƙa masa daga wani lokaci daban. Kyamarar kuma tana nesa, daga gefe ko daga saman rumfa. Mu mun saba da ta bayan mai jifa, wadda ke nuna karkatar ƙwallo da tashinta. Daga nesa ko jifan yau ma zai yi sanyi a ido.

Fizge-fizgen kuwa daga na'ura yake. Fim marar sauti da hannu ake juya shi, wajen hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, yanzu kuma ana kunna shi a 24 ko 25. Idan hoton na kafin 1930 ne, ka sa saurin YouTube a 0.75, tafiyar mutane za ta dawo daidai. Na bayan shigowar sauti 24 ne, ka bar shi yadda yake. Don kallon ƙafa ka sa 0.25. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da shi hoto ɗaya baya ko gaba. Kada ka ƙona forfe a kan 720p, 360p ma ya isa, kuma idan rizo na wasa ka sauke shi da dare.

Wasu suna ƙirga hotuna su ce sun gano gudun Larwood. Lissafin ba ya tsayuwa. Daga hannun mai jifa zuwa sanda wajen mita 18 ne. Ƙwallo mai gudun kilomita 145 a awa tana cinye shi cikin kusan rabin daƙiƙa, wato hoto 11 ko 12. Ka kuskure hoto ɗaya, ka kauce da fiye da kilomita 10. Awo na kirki sai a 1975 a Perth, da kyamara mai sauri ta kama Jeff Thomson a 160.45.

Shaidar Larwood tana cikin sakamako. A 1932-33 kyaftin Douglas Jardine ya sa shi da Bill Voce su riƙa jifa gajere kan jiki, ya tara masu cafewa a ɓangaren ƙafar mai duka. Ka kare haƙarƙarinka da sanda a cafe ka, ka bari ta same ka. Babu hular kwano, sai hular ƙyalle. Larwood ya fitar da mutum 33, Ingila ta ci 4-1, matsakaicin Bradman ya sauko 56.57. Daga baya doka ta hana ajiye fiye da mutum biyu a bayan layin mai duka ta wannan ɓangaren. Ka ƙara da cewa kafin farkon shekarun 1960 ƙafar baya alƙali ke dubawa, mai jan ƙafa yana iya sakin ƙwallo ya riga ya wuce layin gaba, tazara ta ragu.

Yaya Mokoyo:

Ku kuna ta kukan abin da babu hotonsa, alhali akwai wanda hotonsa na nan da kala ba a kalla ba. Ƙanena, nemi Oval 1976. Shekarar fari ce a Ingila, ciyawa ta ƙone, daɓe ya mutu murus, ba ya taimakon mai jifa da komai. Viv Richards na West Indies ya ci 291, shi da bai taɓa sa hular kwano ba har ya bar wasa. A wannan mataccen daɓen abokin wasansa Michael Holding ya fitar da mutum 14, aka ci masa maki 149, 12 daga ciki ko dai ya kwashe turaku ko ƙafa ta tare ƙwallo a gabansu. Dubi inda yake sauke ta: can gaba kusa da yatsun mai duka, a miƙe, don ya san ƙasa ba za ta ba shi komai ba, gudun cikin iska kawai ya dogara da shi. Daga 1980 zuwa 1995 babu ƙasar da ta ci West Indies a jerin wasannin Tes.

Amma zaɓina Garfield Sobers ne na Barbados. Maki 8,032, ya fitar da mutum 235, kuma jifa iri uku yake yi da hannun hagu: mai sauri, murzawar yatsa, da murzawar wuyan hannu. Kowa na yaɗa bidiyon shida-shida sau shida (wato cilla ƙwallo ta sama ta haye iyaka) da ya yi wa Malcolm Nash a Swansea a 1968. Ya yi kyau, sai dai Nash ba mai murzawa ba ne, gwaji yake yi ran nan. Wanda ya fi shi ne 254 da ya ci a Melbourne a Janairun 1972 a gaban Dennis Lillee, mai jifan Ostireliya, yana tashen ƙuruciya. Lura da sandar: bakinta siriri ne, ba irin na yanzu da sai da doka ta taƙaita kaurin baki a milimita 40 a 2017 ba. Da waccan, in ba tsakiya ka samu ba, ƙwallo ba ta zuwa ko'ina.

Malama Ta Ali Ɗan Sofo:

Sannunku da ƙoƙari. Yaya, ban ƙi Sobers ba, amma kafin shi akwai George Headley na Jamaika, kuma an bar shi a baya a hirar nan. Tes 22, ɗari sau 10, matsakaici 60.83, a ƙungiyar West Indies da idan ya fita sauran sukan bi shi. A Lord's a 1939 ya ci 106 da 107 a wasa ɗaya, sai yaƙin duniya ya cinye masa shekarun ƙarfinsa. Alhaji, shi ma an san shi da iya jiƙaƙƙen daɓe.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Basil D'Oliveira. Wariyar launin fata ta hana shi filayen ciyawa na Afirka ta Kudu, ya yi ƙuruciyarsa yana duka a kan tabarmar da ake shimfiɗawa bisa tsakuwa a Cape Town. Sai 1960 ya tafi Ingila, sai 1966 ya fara Tes, ƙarfi ya fara ja baya. Duk da haka ya ci 158 a Oval a 1968, kuma ƙin karɓarsa da gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi ne ya rushe ziyarar Ingila ta wannan shekara, daga 1970 aka rufe wa ƙasar ƙofa. Talabijin ma bai fara aiki can ba sai 1976. Ɗan Bagalam, idan za ka nemi hotonsa, sa sunansa tare da Oval 1968, ka rage sauri zuwa 0.25 kamar yadda Injiniya ya ce. Dubi gajeren ɗaga sandarsa da yadda ƙarfin ke fitowa daga damtse, kuma ka lura yana yawan tsayawa kan ƙafar baya, don a kan tabarma ƙwallo tashi take yi.