Ta yaya zan fahimtar da ɗalibaina ƙarfin coci a Turai ta tsakiyar zamani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare, kuma mako mai zuwa zan shiga darasin coci a Turai ta tsakiyar zamani. Abin da ke damuna shi ne labarin Kanosa: a watan Janairun 1077 Sarkin Jamus Henri na Huɗu ya tsallaka duwatsun Alps cikin hunturu, ya kwana uku yana tsayuwa a ƙofar fadar Kanosa da ke arewacin Italiya, babu takalmi, yana roƙon Paparoma Giregori na Bakwai, wanda ya kore shi daga coci, ya yafe masa. Na san yaran nan za su tambaye ni: mai rundunar yaƙi me zai kai shi durƙusa wa malamin addini? Ajin kuma akwai Musulmi akwai Kirista, ba na so wani ya ji an taɓa addininsa. Don Allah ta ina zan ɓullo wa abin?

Tsohon malamin tarihi:
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki fara da Paparoma, fara da ƙauye. Ki sa yaran su ɗauki manomi guda, su bi rayuwarsa. An haife shi, coci ce ta yi masa baftisma. Ya yi noma, kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa na coci ne. Ƙararrawar coci ce agogonsa, bukukuwanta ne ranakun hutunsa. Rigimar aure ko ta wasiyya, kotun coci ake kai ta, ba ta sarki ba. Ya mutu, a harabar coci za a binne shi. Daga 1215 ma, bayan babban taron Lateran na huɗu da shugabannin coci suka yi a Rum, an wajabta wa kowane baligi ya je gaban limaminsa ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan suka ga wannan, sai ki tambaye su: mutumin da aka ce an yanke shi daga duk wannan, me ya rage masa? Da kansu za su ba ki amsa.

Ɗaliba a jami'a:
Baba ya yi gaskiya, amma akwai wani abu game da Henri kansa. Ba tsoron lahira kaɗai ya kai shi Kanosa ba. Mulki a lokacin a kan rantsuwar mubaya'a yake tsaye, kuma da sunan Allah ake yin ta. Da Giregori ya kore shi daga coci a 1076, sai ya ce ya sauke wa mabiyan Henri nauyin wannan rantsuwa. Manyan hakiman Jamus, waɗanda dama suna jin haushinsa, suka ba shi wa'adi: in shekara ta cika ba a janye korar ba, sarautarsa ta tafi. To kin ga karagarsa ya je ceto. Tushen rigimar kuwa shi ne wa ke da ikon naɗa bishop. Bishop a Jamus yana riƙe da filaye da garuruwa da mayaƙa, ga shi shi da mutanensa ne suka iya rubutu da Latin, su ne magatakardan fada. Babu sarkin da zai so a ƙwace masa ikon zaɓen irin wannan mutum. Ba a sasanta ba sai 1122, a yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Worms na Jamus.

Wani ɗan uwa daga Jos:
Malama, ni Kirista ne, kuma ina roƙon ki kada tsoron ɓata mana rai ya sa ki rage komai. Ki faɗi alherin, ki faɗi ɓarnar. Gidajen sufaye masu bin ƙa'idar da Waliyyi Benedik ya tsara wa sufaye su ne suka yi ta kwafar littattafai da hannu, suna ciyar da matafiya da marasa lafiya, kuma daga makarantun coci jami'ar Paris ta tsiro. Haka nan cocin ce ta yi kiran yaƙin ƙwato Ƙudus a 1095 ta bakin Paparoma Urban na Biyu, ta kuma kafa kotunan farautar waɗanda take kira 'yan bidi'a. A lokacin ana sayar da muƙaman coci da kuɗi, abin da shi Giregori ya tashi yaƙa. Abin da ke mana ciwo shi ne a ɗauko rabi a bar rabi, ko a juyo ana kallon yaron da ke aji kamar shi ya aikata.

Malamar da ta yi tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To ko in kwatanta musu wannan kashi ɗaya cikin goma da zakkar amfanin gona?

Tsohon malamin tarihi:
Sau ɗaya ya isa, don su gane ma'aunin, sannan ki wuce. In kika daɗe a nan, darasin zai koma muhawarar addini, alhali a Musulunci babu wani tsari irin na Paparoma da bishop-bishop. Abin da na fi so ki ƙara shi ne iyakar wannan ƙarfi, don kada su tafi da zaton Paparoma kullum shi ke nasara. Henrin da ya tsaya a dusar ƙanƙara shi ne ya dawo ya ci Rum a 1084, Giregori ya rasu a gudun hijira a Salerno a 1085. A Ingila, Paparoma Inosen na Uku ya dakatar da yawancin ibadun coci a 1208 saboda Sarki Jon ya ƙi karɓar wanda aka naɗa babban bishop na Kantabure. Jon ya yi shekara biyar yana cin kuɗaɗen da coci ke samu, bai miƙa wuya ba sai 1213, da ya ga Faransa na shirin afka masa, hakimansa kuma ba abin dogaro ba ne. A 1303 kuwa mutanen Sarkin Faransa Filib na Huɗu har kama Paparoma Bonifas na Takwas suka yi a garin Anagni na Italiya. Ki rubuta 1077 da 1303 a allo, ki raba ajin gida biyu, kowane ɓangare ya nemo dalilin da ya sa sarki ya durƙusa a ɗaya, a ɗayan kuma ya aika a kamo Paparoma.