Hanyar Dalton ta Alaska: safaya nawa, mai nawa?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin bin hanyar Dalton zuwa Deadhorse, garin da ke ƙarshenta a arewa, a watan Yuli da ƙaramar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Safaya ɗaya za ta isa? Sai na ɗauki jarka?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, ɗaya ba ta isa, ɗauki biyu, kowace a kan wilinta. Hanyar kilomita 666 ce, galibinta burji, kuma tsakuwar kaifi gare ta. Idan ƙusa ta huda saman taya, igiyar faci da famfon iska sun gama magana a minti goma. Amma idan dutse ya yanki gefenta, babu facin da zai riƙe. Sa taya mai alamar LT, wato mai ƙwari da ake yi wa ƙananan motocin ɗaukar kaya. Ka haɗa da faffaɗan katako, domin jak nutsewa yake yi a ƙasa mai laushi. Gargada tana kwance noti, don haka kowace safiya ka bi na wili da na batir da sifana.

Mai lissafin mai: Akwai mai a gadar kogin Yukon da Coldfoot, wani zango da ke kan hanyar. Daga Coldfoot zuwa Deadhorse kuwa, kusan kilomita 390, ko ɗigo babu. Motar da ke shan lita 14 a kilomita 100 za ta sha kusan lita 55, hawa da taɓo kuma su ƙara. Cika tanki a Coldfoot, ka ɗaure jarka mai lita 20 a bodi.

Direban tirela: Abin da ya fi damuna shi ne manyan motoci. An gina hanyar a 1974 saboda bututun mai, har yau manyan motocin ke da ita. Ka hango tirela, rage gudu ka raɓe dama, in ba haka ba tsakuwa ta tsaga maka gilashi. Kada dai ka sauka gefe sosai, yana zaftarewa. Fitila a kunne ko da rana, rediyon CB, wanda direbobi ke magana da juna da shi, a tasha ta 19. Ana zuba wa hanyar wani gishiri don kwantar da ƙura, da an yi ruwa sai ta koma santsi kamar sabulu. A gangaren Atigun, mashigar tsauni mai tsayin mita 1,444, sa ƙaramin giya, kada ka kwanta kan birki ya yi zafi ya daina kamawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ƙaro safaya.